Tohon da Na Sare a Gayaunar Habsu

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na zauna wurin mai shayi a tare ni, har a tashar Funtuwa wani direba ya leƙo ta taga ya ce, "Malam Audu, wai me aka ba ka ka ci a can, da ka dawo ka bar gonarka kamar ta rago?" Bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, duk mai tambaya ya karanta. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne da 'yar firamare, sai a yi haƙuri da yadda ya zo.

Sai dai labarin ba zai fahimtu ba in ban fara da abin da na aikata da hannuna ba, wanda da ana komawa baya da na koma na gyara. Gonar tudu da mahaifinmu ya bar mana a bayan Tsiga, da itatuwanta ya bar ta: ɗorawa, kaɗanya, gawo, da wata tsamiya a kan iyaka. Shekarar da na sayi shanun huɗa, lokacin auduga tana daraja, na ga itatuwan nan suna hana garma tafiya miƙe. Na sa aka sare su duka. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ta biyo ni har gona tana dogara sanda, ta ce, "Audu, bar mini ɗorawar nan ko guda. Da kalwarta na yi daddawar da na yi muku sutura." Na ce, "Inna, zan riƙa sayo miki daddawa a kasuwa." Ta juya ta tafi, kuma har ta rasu ba ta sake taka gonar ba.

Ban tsaya nan ba. Kowace bazara in lokacin sharar gona ya yi, sai kututturan nan sun yi toho, ni kuwa sai na bi su da adda da wuta. A wurinmu ai gonar namiji ita ce wadda in ka tsaya a wannan iyaka za ka hango ƙadangare yana gudu a waccan. Har suna aka sa mini, Mai Farar Gona, ina kuwa jin daɗinsa.

To, sai damina ta canza hali. Ruwa ya makara, in ya zo ya sauko kamar da fushi, ya kwashe ƙasar sama ya zuba a rafi, sannan ya ɗauke daidai lokacin da masara take goyo. Takin zamani ya fi ƙarfin aljihuna. Wani sashe na gonar ya koma fako, ko ciyawa ba ta son fitowa. Ana cikin haka ɗana na fari, wanda ake kira Abba a gida, ya same ni a zaure ya ce, "Baba, akwai wani Alhaji mai sayen hatsi a Funtuwa yana son gonar tudu. Mu sayar in sayi babur mai ƙafa uku, gidan nan ya riƙa ganin cefane kullum." Ban iya ce masa a'a ba, domin yaron bai yi ƙarya ba. Ban kuma iya cewa to ba. Na ce, "Ina da tafiya. In na dawo zan ba ka amsa kafin ruwa ya sauka." Ya ce ba laifi, shi kuma zai sa a share gonar kafin nan, don Alhajin ya same ta fes. Na ce madalla. Ku riƙe wannan maganar.

Wanda zan je wurinsa Ila ne, mutumin wani ƙauye gabas da Matamaye a ƙasar Damagaram. Shekara da shekaru yana zuwa ci-rani wurina, a zaurena yake kwana, kwano ɗaya muke ci, shi ne ma mai taya ni saran tohon nan. Sai wata shekara bai zo ba, daga nan ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Kwatsam bana sai ga wayarsa: an yi masa jika an sa wa yaron sunana, in zo in ga takwara. Na yi murna ƙwarai. Amma a ƙasan raina akwai wata tambaya da take cina. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa nesa ba kusa ba, to me ya hana Ila ci-rani? Na yanke a raina cewa wani ɗansa ne ya haura Libiya yana aiko masa.

Nomau ne ya raka ni, taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda tun muna yara bai taɓa barina na sha ruwa cikin natsuwa ba. Ya ce, "Dole in bi ka, Mai Farar Gona. In aka bar ka kai kaɗai, ɗan dajin da ya rage musu ma sai ka sare shi." Muka yi dariya. Da na san bakinsa zai kama ni da na bar shi a gida.

Muka fito da sassafe da tsarabarmu: masara, rake, turmin atamfa na uwar takwara, da ƙullin daddawa da na saya a kasuwa. Nomau kuma ya riƙo zakara. A Malumfashi muka shiga motar Katsina, aka danna mu kamar buhunan auduga. Mota ba ta yi nisa ba hira ta koma kan damina, domin yanzu duk inda manoma biyu suka haɗu maganar ke nan. Wani mutumin Danja ya ce shi ya daina dogara da masara ita kaɗai, yana raba gonarsa, nan waken suya, nan dawa mai saurin nuna, da rani kuma ya sauka fadama ya yi tumatir. Wani matashi ya ce shi ba ya shuka da ruwan farko ko da ƙasa ta jiƙe sharkaf, sai ya ji abin da masu hasashen yanayi suka faɗa a rediyo. Wani dattijo a gaba ya waiwayo ya ce, "Rediyon ne ke saukar da ruwan?" Matashin ya ce, "A'a Baba, Allah ne. Amma bara da kuka shuka da ruwan farko, wa ya zo rancen iri gidanmu?" Ashe ƙauyensu ɗaya. Mota ta kaure da dariya, dattijon ya gyara hularsa ya ce yaran yanzu ba su da kunya.

A Kankiya aka tsaya salla, zakaran Nomau ya tsinke igiya ya shige ƙarƙashin teburin mai tsire. Ka ga dattijo da furfura yana rarrafe yana kiran zakara, mai tsire kuma yana ce masa ya bar shi nan an riga an kawo shi inda ya dace. Wannan ita ce kaɗai nasarar da na samu a kan Nomau a duk tafiyar.

Daga Katsina muka kama hanyar Daura, muka sauka wurin wani mai sayar da goro da Nomau ya sani. Zafi ya hana mu shiga ɗaki, a ƙofar gida aka shimfiɗa mana tabarma. Matar gidan ta dama mana fura wadda har yanzu ina tuna ta. Da gari ya waye muka nufi Kwangwalam, bakin iyaka.

Ni ban taɓa fita ƙasar waje ba sai ranar. Sai na ga ashe iyakar sanda ce aka gitta a hanya, Hausa a wannan gefe, Hausa a wancan. Aka ce kowa ya fito da katinsa na ɗan ƙasa. Na lalubi aljihu babu. Ashe yana cikin aljihun rigar da na tanada don ranar ganin takwara, ita kuma tana can ƙarƙashin jaka. Dole na zazzage kayana a bakin hanya kowa yana kallo. Wani jami'i ya ɗauki ƙullin daddawata ya shinshina, ya kawar da kai ya ce, "Baba, wannan makamin da izinin wa za ka shiga da shi?" Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, kama shi, dama mun gaji da shi a gida." Jami'in ya yi dariya ya miƙo mini kayana ya ce mu sauka lafiya. Wurin 'yan canji kuma na miƙa damin nairori aka ba ni 'yan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba. Na tsaya ina jiran sauran, ɗan canjin ya ce, "Alhaji, ai shi ke nan."

A Matamaye muka ci wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri a baya da laushi a ciki, muka sha shayi a 'yan ƙananan kofuna, mai ɗaci kamar magani. Daga nan babu kwalta, amalanken shanu muka hau. A nan ne idona ya fara buɗewa. Ni na zo da tunanin zan ga rairayi tsirara har iyakar gani. Sai ga gonaki cike da gawo, kore shar a tsakiyar bazara, tumaki kwance a inuwa suna cin 'ya'yansa. Tsakanin manyan kuma ga ƙanana birjik. Nomau ya ce wa mai amalanken, "Malam, ko dai ka juya da mu kudu ne?" Ni kuwa abin da na ce a raina shi ne, Allah sarki, mutanen nan ba su da ƙarfin share gona.

Ila ya tarbe mu tun daga bakin gari, gemunsa ya yi fari kamar nawa. Muka rungume juna muna ta gaisuwa ba mai son ya saki wani. Aka kawo takwara, ƙato mai kumatu, ya kama gemuna ya ƙi saki. Matar Ila, Habsu, doguwar mace mai kaifin harshe, ta cika mana gaba da tuwon gero da miyar kuka, da dambu da zogale, ga fura da nono. Su in sun ce hatsi, gero kawai suke nufi. Masarar da na kawo sai yara suka kewaye ta suna kallo. Na lura noma ma a tsaye suke yin sa, da wata doguwar hauya da ake turawa gaba, ba mai sunkuyawa. Nomau ya gwada ta ya ce da tun yana yaro ya san da ita da bayansa bai lanƙwashe ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rumbun Ila. Na leƙa da gangan. Bazara ta yi nisa, amma akwai sauran dammunan gero a ciki. Na tambaye shi wane ɗansa ne a Libiya. Ya ce duk suna gida, gobe zai zaga da ni in gani.

Ban jira goben ta yi sosai ba. Ni mutum ne da ba ya iya zama hannu sake, kuma an karrama ni har na ji nauyi. Bayan sallar asuba na zaga bayan gida na ga wata 'yar gona cike da toho, kalgo da sabara da 'yan gawo, wasu har sun kai ƙugu, an ɗaura wa wasu jan tsumma. Na ce Ila ya tsufa, ga ruwa ya kusa, gona ba shara. Bari in yi masa abin da ya shekara yana yi mini. Na ɗauko adda a zaure, na naɗe hannun riga, na shiga aiki. Wallahi daɗi nake ji, har da 'yar waƙata. Kafin rana ta ɗaga na share wajen rabi, na tara tohon wuri guda ina neman ashana.

Sai ga Habsu ta fito da ƙwarya a ka. Ta tsaya. Ta sauke ƙwaryar a hankali ta ajiye. Ta dubi tarin, ta dube ni.

"Malam Audu, wa ya aike ka?"

"Ba kowa, Hajiya. Ai ba sai an roƙe ni ba, gidan Ila gidana ne."

Ta sunkuya ta zaro wani ɗan gawo daga cikin tarin, jan tsummansa yana reto. Ta ce, "Wannan tun yana tsawon ɗan yatsa nake kiwonsa. Na tsare shi daga awaki, na tsare shi daga raƙuma, na tsare shi daga yaran garin nan. Ban san daga Najeriya abin zai zo mini ba."

Na ce, "Hajiya, ai shara na yi."

Ta ce, "Ka share ni dai."

Ashe gayaunarta ce, wato 'yar gonarta ta kanta, kuma jan tsumman nan alama ce cewa toho yana da mai shi. A garin akwai doka: duk wanda ya sare toho mai alama sai ya gurfana gaban mai gari da dattawan da aka ɗora wa tsaron itatuwa, maza da mata. Ila ya so a rufe maganar saboda ni baƙo ne, Habsu ta ce ita tana cikin dattawan, in ta rufe ta gidanta da wane baki za ta yi wa wani magana gobe? Nomau kuwa ranar kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Shi ya riƙe mini adda har gindin gawon da ake zama, yana ce wa duk wanda muka gamu da shi, "Ku matsa, ga Mai Farar Gona, ku ɓoye itatuwanku."

Mai gari dattijo ne mai sanyin magana. Ya saurari Habsu, ya saurare ni, ya tambayi Ila ko haka ake yi a garinmu. Ila ya ce, "Haka ake yi, ni ma da hannuna na taya shi shekaru." Mai gari ya ce, "Mu ma haka muke yi da, har iska ta kusa tashinmu daga garin nan. Baƙo bai san doka ba, ba za a ci shi tara ba. Amma ba zai tafi da rashin sani ba. Habsu, ga ɗalibi nan." Sannan ya dube ni ya ce, "Kada ka damu ƙwarai, Malam. Ka mayar da aikinta baya, amma ba ka kashe itatuwan ba. Itacen yana ƙasa. Muddin saiwa tana da rai zai sake fitowa, kuma ya fi wanda aka dasa saurin girma, don shi ya riga ya san inda ruwa yake."

Wannan magana ta shige ni. Na tuna kututturan gonar tudu. Shekara nawa ina sara ina ƙonawa suna dawowa? Ashe itatuwan mahaifina suna nan a ƙarƙashin ƙasa, kowace bazara suna leƙowa, ni kuma ina kora su.

Habsu ba ta yi mini sassauci ba. Ta kai ni sashen da ban kai gare shi ba ta nuna mini aikin. In kututture ya fitar da toho da yawa, sai ka duba ka zaɓi biyu ko uku mafi miƙewa da ƙarfi, ka yanke sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu rassan ƙasa, da wuƙa mai kaifi, yankan daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Sai ka ɗaura alama. Abin da ka yanke kuma ba a ƙonawa a gona, mai kauri na murhu ne, ganyen a bar wa ƙasa. Duk lokacin da hannuna ya nufi wanda bai kamata ba sai ta ce, "A'a, Sarkin Shara, wancan." Kafin azahar hannuna ya faɗa, har ta ce ashe ana iya koya wa tsoho.

Da yamma Ila ya zaga da ni babbar gonarsa, bakinsa bai rufu ba, nawa ma haka. Ya ce da, iskar farkon damina takan binne shuka da rairayi, sai mutum ya shuka ya sake shukawa har iri ya ƙare. Yanzu itatuwa suna karya ƙarfinta. Gawo kuwa, in damina ta zo sai ya zubar da ganyensa, ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, dabbobin da suka sha inuwarsa da rani su ma sun bar nasu. Ya ce in na zo da kaka zan ga geron gindin gawo ya fi na fili tsawo. Ya nuna mini wani fako da suka haƙa wa ramuka masu siffar rabin wata, bakinsu yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, don ruwan ya tsaya ya shiga ƙasa maimakon ya gudu. Na ce, "Ila, wannan ai fakona ne sak." Habsu kuma ba ta zuwa daji neman itace, har sayarwa take yi, 'ya'yan gawo kuma su ke ƙiwata tumakinta. Bai ɓoye mini wahalar ba. Ya ce akwai shekarar da ruwa zai ƙi ko me ka yi, akwai tsuntsaye, akwai masu satar reshe. Amma ko a mummunar shekara akwai abin sayarwa a ci, ba sai ya bar iyalinsa ya tafi ci-rani ba.

Muna tsaye nan sai maganar Abba ta faɗo mini kamar an mare ni. Zai sa a share gonar. Na ce, "Ila, ba ni wayarka." Muka yi ta kira ba ta shiga, sai da muka hau wani tudun rairayi. Da ƙyar Abba ya ɗauka. Na ce, "Kun taɓa gonar tudu?" Ya ce, "Mun fara, Baba, gobe za mu ƙarasa mu sa wuta." Na ce, "Ku tsaya. Kada wanda ya ƙara sare ko—" sai waya ta yanke, ta ƙi sake shiga. Ban san ko ya ji ni ba.

Ila ya riga ya ware ɗan akuyan da zai yanka mana, na ce ya yafe ni, da asuba zan kama hanya. Nomau ya yi ta ƙunƙuni cewa na raba shi da nama. Habsu ta ba ni irin wake mai saurin nuna, sannan ta ɗauko wani tsohon jan zanenta ta yayyaga shi ta cusa mini a aljihu. Ta ce, "Ga alama. In na ji ka ƙona ko ɗaya, har Tsiga zan zo in kai ka gaban mai garinku."

Komawar ban ga komai a hanya ba. A iyaka katina yana hannuna tun kafin a tambaya. Motar da muka shiga daga Katsina ta yi faci kusa da Malumfashi, na tsaya a kan direba kamar ni zan ɗaura tayar. Da muka iso ban shiga gida ba, da jakata na wuce gona.

Sashen gabas ya tafi, an sare an tara, wani wurin har an sa wuta. Amma sashen yamma yana nan da tohonsa. Abba yana zaune a kan iyaka. Ya ce, "Na ji ka ce mu tsaya, ban ji dalili ba, na dai tsaya." Na zauna kusa da shi na ba shi labari tun daga gayaunar Habsu har gindin gawon mai gari. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Baba, na ji. Amma itace ba ya girma a damina ɗaya, yarana kuwa kullum suke ci."

Gaskiya ya faɗa, kuma na yi ta juya ta tun a mota. Na ce, "Ba zan sayar da gonar ba. Amma ga shanun huɗa, ka kai su kasuwa, ka haɗa da abin da kake da shi ka fara neman babur ɗin, ko na hannu ne. Huɗa in ta zo ma yi haya." Ya dube ni, don ya san yadda nake ji da shanun nan. Ya ce, "Ka tabbata?" Na ce, "Saboda shanu na sare itatuwan kakanka. Ba laifi in shanu suka biya." Sai ya miƙa hannu ya ce in ba shi tsumman ya gani. Ranar tare muka ɗaura alamar farko, a jikin wani ɗan gawo.

Damina ɗaya ta wuce tun daga nan. Ba zan ce muku rumbuna ya cika ba, bai cika ba. Amma 'yan gawo da kalgo sun kai ƙirjina, kaɗanya biyu sun dawo, sashen gabas ma ya sake tohowa kamar yadda mai gari ya ce. A cikin ramukan rabin watan da muka haƙa a fako dawa ta tsaya, wurin da ya shekara bai ba ni ko kara ba. Waken Habsu ya nuna kafin ruwa ya ɗauke. Masu dariya suna yi, Nomau ya canza mini suna zuwa Mai Jan Tsumma, amma na kama shi da idona yana yayyaga tsohon zanen matarsa.

Abu ɗaya ne bai dawo ba. Na je daidai inda ɗorawar Inna take, na duba, na tona da hannuna. Saiwar ta riga ta mutu, ta zama gari. Ita na fi bi da wuta, don ita ta fi yawan toho a shekarun farko. Na samo kalwa na shuka a gurbin, na kewaye da ƙaya, ta fito, yanzu ta kai tsawon tafin hannu. Na san ba ni zan ci daddawarta ba.

Don haka ga roƙona ga duk wanda ya karanta wannan. In bazara ta zo ka ɗauki adda, ka sunkuya ka duba abin da za ka sara tukuna. In kuma wata tsohuwa ta biyo ka gona ta ce ka bar mata itace guda, don Allah ka bar mata. Kada ka yi irin tawa.